Wutar da Ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu: Daga Indénié Zuwa Cibiyar Duniya

Duk wanda ya san Abijan, in aka ambaci mahaɗar Indénié, ruwa ne ke fara zuwa masa a rai. Nan ne hanyoyin Adjamé da Plateau da Cocody suka haɗu, nan ne kuma ruwan kwarin Gourou ke gangarowa ya faɗa gaɓar Cocody. Shekara da shekaru, da damina ta kankama sai wurin ya zama tafki, motoci su tsaya cak. Ba mai tunanin wuta a irin wannan wuri. Amma da za a kafa injin haƙa a tsakiyar mahaɗar a yi ta nutsawa, da an tarar zafi na ƙaruwa taki bayan taki. A mafi yawan sassan duniya, kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Can a cibiyar duniya kuwa zafin ya haura digiri 5,000, wato ya yi kusa da zafin fuskar rana.

Daga ina wannan zafi ya fito? Me ya hana shi hucewa? A wannan rubutu ina so in bi tarihin yadda ɗan Adam ya gano amsar, sannan in nuna wa mai karatu cewa maganar ta shafe mu kai tsaye, mu Hausawan da ke neman abinci a Adjamé da Treichville, da 'yan uwanmu na Kano da Agadas da Bauci. Zinariyar da ta raya kasuwannin wannan yanki, da kuzar Jos, da yuraniyom ɗin Arlit, da wutar lantarkin da ke juya fanka a shagunanmu, duk suna da alaƙa da wannan zafi.

Abin da ido ya fara gani

Tun kafin a ƙera ma'aunin zafi mutane sun san akwai wani abu mai ɗumi a ƙarƙashinsu. A gandun dajin Yankari na jihar Bauci akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke fitowa daga gindin dutse da ɗumin digiri 31, dare da rana, hunturu da bazara. A Lamurde ta jihar Adamawa akwai wurin da sunansa ma Ruwan Zafi. A tsaunukan Ayar, arewa da Agadas, akwai Tafadek, inda Buzaye da Hausawa suka daɗe suna zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi. A Barno kuma, rijiyoyin burtsatse masu zurfi sosai ruwansu kan fito da ɗumi. Duk labarin ɗaya ne: ruwan sama ne ya nutse ta tsagogin dutse, ya kai inda dutsen ke da zafi, sannan ya dawo sama kafin ya huce.

Wani lokaci kuma wutar kan fito da kanta. A shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina na wasu kwanaki, sannan wuta ta ɓarke a filin baƙin dutsen da ke kudu maso gabashin birnin. Narkakken dutse ya yi ta malala kusan wata biyu, ya tsaya kafin ya iso gari. Malaman tarihi irin su Abu Shama da Ibn Kasir sun rubuta wannan al'amari, masana duwatsu na yau kuma sun je sun auna sawun malalar a filin da ake kira Harrat Rahat.

Masanan dā sun yi ƙoƙarin bayani gwargwadon abin da suke da shi. Aristotal na Girka ya ɗauka iska ce ke maƙalewa a kogunan ƙarƙashin ƙasa, in ta nemi mafita sai ƙasa ta girgiza. Ibn Sina ya bi kusan wannan ra'ayi a littafinsa Kitabus Shifa, inda ya yi magana a kan yadda duwatsu ke samuwa. Sun lura da kyau, sai dai ba su da abin awo.

Maƙerin Faransa da lissafin Kelvin

Masu haƙar ma'adinai a Turai su ne suka fara tabbatar da cewa zafin yana ko'ina, har inda babu dutse mai aman wuta. Duk ramin da ya yi zurfi, zufa ke ƙaruwa. Daga nan aka fara tunanin cewa duniya ta faro ne a narke, tana ta hucewa daga waje zuwa ciki, kamar tuwon da aka kwashe: samansa ya yi ɓawo, cikinsa na ƙona yatsa.

Wani Bafaranshe mai suna Buffon ya ce in haka ne, ai ana iya gwadawa. Yana da maƙera a kusa da garin Montbard, sai ya sa aka ƙera masa ƙwallayen ƙarfe masu girma daban-daban, a gasa su su yi jawur, yana lissafa lokacin da kowanne ke ɗauka kafin a iya taɓa shi da hannu. Da ya faɗaɗa lissafin zuwa girman duniya, sai ya samu kimanin shekara 75,000, ya kuma buga wannan a 1778. Adadin ya yi nisa da gaskiya, amma shi ne ya fara neman amsar da gwaji.

A 1862 babban masanin zafi na Birtaniya, William Thomson, wanda daga baya aka san shi da Lord Kelvin, ya ɗauki maganar da lissafi mai zurfi. Ya ɗauki yadda zafi ke ƙaruwa a ramukan ma'adinai, da yadda dutse ke watsa zafi, ya ce duniya ta yi tsakanin shekara miliyan 20 da miliyan 400 tana hucewa. A 1897 ya matse adadin ya koma tsakanin miliyan 20 da 40. Masana duwatsu suka ƙi yarda, domin sun ga kaurin duwatsun da laka da yashi suka gina sannu a hankali, sun san wannan lokaci ya yi kaɗan. Amma wa zai ja da Kelvin a fagen lissafi?

Lissafin nasa ya tsaya ne a kan zato biyu. Na farko, cewa cikin duniya sandararre ne, ba ya motsi. Na biyu, cewa babu wani sabon zafi da ke samuwa a ciki, sai dai na asali da ke raguwa. A 1895 tsohon mataimakinsa, John Perry, ya nuna cewa in cikin duniya na motsi yana ɗauko zafi daga ƙasa zuwa sama, to shekarun duniya na iya kai biliyoyi. Ba a saurare shi ba sosai. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, amma a wannan karon yaron ne ya hango.

Dutsen da ke hura wutar kansa

Zato na biyu ya rushe ne ta inda ba a yi tsammani ba. A 1896, a Faris, Henri Becquerel ya gano cewa gishirin yuraniyom na fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ɓata farantin ɗaukar hoto ko da an naɗe shi a baƙar takarda. Marie Curie da mijinta Pierre suka bi sawun abin har suka gano rediyom a 1898. A 1903 Pierre Curie da Albert Laborde suka auna suka ga cewa rediyom kullum ya fi abin da ke kewaye da shi ɗumi, har yana iya narkar da ƙanƙara mai nauyinsa cikin kamar awa ɗaya, ba itace, ba gawayi, kuma ba a ga ya ragu ba.

A 1904 Ernest Rutherford ya yi lacca a Landan, Kelvin na zaune cikin masu sauraro, ya bayyana cewa an samu tushen zafin da tsohon lissafi bai san da shi ba. A 1906 Robert Strutt ya auna duwatsu iri-iri daga sassan duniya ya tarar da ɓurɓushin rediyom a cikinsu. Ashe dutsen da muke takawa ma yana fitar da ɗan zafi.

Yadda abin yake shi ne, wasu sinadarai ƙwayoyin zarrarsu ba su da natsuwa. Lokaci-lokaci ɗaya kan fashe ta rikiɗa ta zama wani sinadari, a wajen fashewar sai ta saki zafi. Kowane irin sinadari yana da lokacin da rabinsa ke ƙarewa. Yuraniyom mai lamba 238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.5, mai lamba 235 shekara miliyan 704, toriyom shekara biliyan 14, fotasiyom mai lamba 40 kuwa shekara biliyan 1.25. Fotasiyom ɗin nan shi ne harafin K da manomi ke gani a buhun takin NPK, yana cikin toka da ayaba da jikinmu, sai dai ɗan kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke fashewa. A tan guda na dutsen giranit, yuraniyom bai wuce 'yan giram ba. Amma in aka tara na duniya baki ɗaya, sai ya zama babban murhu.

Wannan fashewa ta zama agogo kuma. Tun da an san saurin da yuraniyom ke komawa dalma, in aka auna yawan kowannensu a dutse sai a san shekarunsa. Arthur Holmes ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki tun daga 1911. A 1956 Clair Patterson na Amurka ya auna duwatsun da suka faɗo daga sama ya samu shekara biliyan 4.55, adadin da ake aiki da shi har yau.

Ɓawo, fari da gwaiduwa

Daga fuskar ƙasa zuwa cibiya kilomita 6,371 ne, kusan ninki huɗu na tazarar Abijan da Kano a miƙe. Rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa a tsaye shi ne na yankin Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, aka tarar da zafin digiri 180 a inda aka yi tsammanin 100. Duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin 500 na tafiyar ba. A mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, dutsen ya kai digiri 60, sai an tura ƙanƙara ƙasa kafin ma'aikata su iya aiki.

To yaya aka san abin da ke can ciki? Da girgizar ƙasa. Mai sayen kankana a kasuwar Adjamé yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta. Haka masana ke sauraron yadda girgiza ke ratsa duniya daga wannan gefe zuwa wancan. A 1906 Richard Oldham ya gano akwai wani dunƙule a tsakiya. Wajen 1914 Beno Gutenberg ya auna cewa yana farawa a zurfin kilomita 2,900. A 1926 Harold Jeffreys ya nuna cewa a narke yake. A 1936 wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ta duba bayanan wata girgiza da aka yi a New Zealand a 1929, ta gano cewa cikin narkakken akwai wani dunƙulen kuma daban, wanda daga baya aka tabbatar sandararre ne.

Sai hoton ya zama kamar ƙwai. Ɓawon shi ne wanda muke kai, kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi kilomita 30 zuwa 50 ne, kamar daga Abijan zuwa Grand-Bassam. Farin ƙwan shi ne dutse mai zafi da ya kai zurfin kilomita 2,900. Ba narkakke ba ne, amma saboda zafi da daɗewa yana motsi 'yan santimita a shekara, mai zafi ya taso, mai sanyi ya nutse, kamar talge a tukunya. Holmes ne ya kawo wannan bayani a 1931 don nuna abin da ke tura nahiyoyi, kuma shi ne ya gaskata hasashen Perry. Gwaiduwar kuwa baƙin ƙarfe ne da nikel, wajenta ruwa, cikinta sandararre saboda tsananin dannawa. Motsin wannan ruwan ƙarfe shi ke haifar da maganaɗisun duniya. Duk matafiyin da ya ɗora kamfas a kan darduma yana neman alƙibla, da wannan motsi yake aiki.

Murhu biyu

Yau masana sun tsaya a kan cewa zafin cikin ƙasa yana da manyan tushe biyu.

Na farko shi ne zafin asali. Lokacin da duniya ke haɗuwa, duwatsu manya da ƙanana sun yi ta karo da juna da gudu mai tsanani. Maƙeri ya san cewa in ya yi ta dukan ƙarfe da masaba, ƙarfen kan yi zafi ko ba a sa shi a wuta ba. Bayan haka baƙin ƙarfe, da yake ya fi nauyi, ya nutse zuwa tsakiya, nutsewar ma ta saki zafi mai yawa. Har yanzu kuma dunƙulen ciki yana ƙara daskarewa, kimanin milimita ɗaya a shekara, daskarewar na sakin nata zafin. Dutse ba ya barin zafi ya wuce da sauri, shi ya sa bayan shekara biliyan huɗu da rabi ba a gama hucewa ba.

Na biyu shi ne fashewar yuraniyom da toriyom da fotasiyom, waɗanda mafi yawansu suna cikin ɓawo da fari.

Jimillar zafin da ke fita daga cikin ƙasa an ƙiyasta ta a kan kimanin terawat 47, wato wat tiriliyan 47. Ya ninka duk makamashin da 'yan Adam ke amfani da shi fiye da sau biyu. Nawa ne rabon kowane murhu? An samu hanyar aunawa a 2005, lokacin da na'urar KamLAND, da ke cikin wata mahaƙa a Kamioka ta Japan, ta kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda ke fitowa daga fashewar yuraniyom da toriyom su ratsa duniya kamar ba komai a gabansu. A 2011 suka bayyana cewa waɗannan sinadarai biyu na ba da kimanin terawat 20. Ke nan kusan rabi na fashewar sinadarai ne, sauran kuma gadon ranar farko.

Kada mai karatu ya ɗora wa wannan zafi laifin zufar watan Maris. Abin da rana ke aiko mana ya ninka shi sau dubbai. In aka tara duk zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin filin ƙwallo na Félix Houphouët-Boigny da ke Plateau, ba zai kai ƙarfin dutsen guga na lantarki guda ɗaya ba. Ƙarfinsa yana cikin daɗewa da rashin tsayawa.

Ƙasar da Abijan ke kai

Mafi yawan Kodebuwa tana zaune ne a kan wani tsohon ginshiƙin dutse da ya shimfiɗu ƙarƙashin Gini da Mali da Burkina Faso da Gana. A yankin Man da ke yamma akwai duwatsu masu kimanin shekara biliyan 3. Saiwar wannan ginshiƙi ta haura kilomita 200 a zurfi, ta daɗe da yin sanyi, zafin da ke ratsowa ta cikinta ya gaza na matsakaicin duniya. Wannan ne dalilin da ya sa babu dutse mai aman wuta a ƙasar.

Amma a dā wurin ya sha wuta. Kimanin shekara biliyan 2.1 da suka wuce, yankin nan teku ne mai cike da tsibirai masu aman wuta, waɗanda suka yi ta cin karo suna mannewa. Ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogin dutse ɗauke da narkakkiyar zinariya, inda ya huce sai ya ajiye ta. Albert Kitson, shugaban binciken duwatsu na Gana a zamanin Turawa, ya raɗa wa waɗannan duwatsu suna daga kogin Birim. Su ne ke ba da zinariyar Obuasi a Gana, da Tongon da Agbaou a Kodebuwa, da Samira a yammacin Nijar.

Wannan zinariya ita ce ta ɗaga masarautun Akan, har da masarautar Anyi ta Indénié mai hedikwata a Abengourou, wadda mahaɗar Abijan ke ɗauke da sunanta. Ita da goro ne suka sa Bonduku da Salaga suka zama zangon fatake, inda kakanninmu suka riƙa sauke kanwa da tufafin Kano su ɗauki goro. Arzikin wannan yanki ne kuma ya jawo Bafaranshe Marcel Treich-Laplène, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Indénié a 1887, shi ne kuma aka sa wa Treichville sunansa. Sunayen unguwannin da muke ciki ma, in aka bi diddigi, sai an tarar da wancan tsohon ruwan zafi a gindinsu.

Tekun da ke gabanmu shi ma aikin wannan zafi ne. Tsakanin shekara miliyan 120 da miliyan 100 da suka wuce, gaɓar Kodebuwa na manne da arewacin Barazil. Motsin cikin ƙasa ya raba su, har yau kuma Atilantika na ƙara faɗi da saurin tsiron farce. A cikin ramin da ya buɗe laka da gawarwakin ƙananan halittun ruwa suka taru, aka binne su kilomitoci. Tsakanin digiri 60 da 120 suka dahu suka zama ɗanyen mai, inda zafin ya wuce haka suka zama iskar gas. Gas ɗin rijiyar Foxtrot da makamantanta shi ake turawa tashoshin Azito a Yopougon da CIPREL a Vridi, kuma daga gas ake samun mafi yawan lantarkin ƙasar. A 2021 aka gano babbar rijiyar Baleine, ta fara aiki a 2023. Telan da ke taka keken lantarki a Treichville yana cin girkin da ƙasa ta ɗora tun shekaru miliyoyi.

Daga Ayar zuwa Jos

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta sawun ya fi fitowa fili. Akwai jerin tsofaffin duwatsu masu aman wuta da ya faro daga Ayar, ya bi ta Damagaram, ya sauko Riruwai a kudancin Kano, ya wuce Jos. Na Ayar sun haura shekara miliyan 400, na Najeriya kuwa tsakanin miliyan 200 da 140 ne, wato wutar ta yi ta matsawa kudu. Kawunansu sun zaizaye, saiwoyinsu ne suka rage, a cikinsu kuma kuza take. Mutanen Riruwai sun daɗe suna narka ta suna sayar wa fatake kafin Turawa su kafa kamfanoninsu a Jos a farkon shekarun 1900.

Yuraniyom ɗin Arlit ma masana na ganin daga duwatsun Ayar ruwa ya wanko shi ya tara a cikin dutsen yashi. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a 1971. Mahaƙar Akouta ta yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Sinadarin da ke ɗumama cikin duniya shi ne aka kwashe shekara hamsin ana ɗauka daga Nijar ana kunna fitilun Faransa da shi, alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su da lantarki. A Oklo ta Gabon kuwa, a 1972 aka gano cewa kusan shekara biliyan 2 da suka wuce yuraniyom ya taru da yawa a wuri ɗaya har ya kunna kansa, ya yi ta aiki kamar tashar nukiliya ba da hannun kowa ba.

Inda haɗari yake, da inda ba ya nan

Daga tekun Gini zuwa cikin Kamaru akwai layin duwatsun da wutarsu ba ta mutu ba. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A Najeriya, tsaunin Biu da tafkinsa na Tila ragowar irin wannan aiki ne. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke bakin wani tsohon dutse mai aman wuta ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, da yawansu na Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos don fitar da iskar a hankali. Ruwan tafkin yana gangarowa ne ta kogin Katsina-Ala, kuma tsoron fashewar bakinsa na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba.

Girgizar ƙasa ma takan leƙo mu jefi-jefi. Ta Akara a ranar 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17. Ta arewa maso yammacin Gini a ranar 22 ga Disamba 1983 ta kashe ɗaruruwa. An ji ƙananan motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018.

Duk da haka, a ganina, sanin wannan tarihi yana koya mana inda ya kamata mu sa tsoronmu. Abijan tana nesa da bakin faranti, tana jingine da tsohon dutse mai sanyi. Abin da ke kashe mutane a birnin daga sama yake zuwa: ambaliya da zaftarewar gangare, kamar ta daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018 da ta ci rayuka kusan 20. Duk lokacin da saƙo ya zagayo a WhatsApp cewa ƙasa za ta tsage a rana kaza, mu sani har yau babu masanin da ke iya faɗin ranar girgiza. Ranar damina kuwa kowa ya san ta. Gyaran magudana da ƙin yin gini a bakin gangare sun fi mana amfani a kan firgita.

Abin da ya rage mana

Wasu ƙasashe sun mai da wannan zafi dukiya kai tsaye. A Larderello ta Italiya aka fara kunna ƙwan lantarki da tururin ƙasa a 1904. A Kenya tashar Olkaria ta fara aiki a 1981, a shekarun nan kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga tururin ƙasa yake fitowa, ba ruwansa da fari ko tsadar mai. Ba na cewa Abijan za ta yi irin wannan, domin dutsenta ya yi sanyi. Amma kwarin Binuwai, wanda ya tsage lokaci ɗaya da buɗewar Atilantika, da yankin tafkin Cadi, da Ayar, wurare ne da suka cancanci a auna su da kyau, ko don busar da amfanin gona da ƙananan masana'antu.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen da na jero a wannan tarihi: Buffon, Kelvin, Curie, Holmes, Lehmann. Zinariya tamu, kuza tamu, yuraniyom namu, amma awo da lissafi na wasu ne, kuma wanda ya auna shi ke yanka farashi. Akwai sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Cocody, wadda ba ta da nisa da Adjamé. Yawancinmu a nan yaro na tasowa sai a ja shi shago. Kasuwanci gadonmu ne, ban raina shi ba. Amma gidan da ke da 'ya'ya biyar, in ya bar ɗaya ko ɗaya, namiji ko mace, ya karanci ƙasar da muke takawa, bai yi asara ba. Duba cikin halitta ba ya rage imani, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya fi kowa sanin ƙanƙantarsa.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kiyaye mu daga sharrin abin da ke sama da abin da ke ƙasa.